Orval Pruitt, Alfadaransa Shida da Dangin Matarsa

Orval Pruitt bai taɓa kiran kansa ɗan fim ba. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce tuƙin alfadarai, ya tofar da ruwan taba gefe, hira ta ƙare. A Oklahoma aka haife shi, a gidan da bango da rufi duk ƙasa ce, kuma tun tsawonsa bai kai kafaɗar alfadari ba ubansa ya danƙa masa igiyar linzami. Ya yi jigilar gishiri, ya yi ta katako, ya kai wa masu haƙar ma'adinai gari da wake a duwatsun Arizona. Da manyan motoci suka zo suka ƙwace hanya, sai ya koro dabbobinsa zuwa Kalifoniya, domin ya ji an ce akwai waɗansu mutane a can da ke biyan mutum don kawai ya wuce da keken alfadaransa ta gaban wani akwati mai ƙafa uku. Bai yarda ba sai da ya gani. Ashe gaskiya ne.

Alfadaran shida ne, kuma tare suka girma. Mabel ce ke gaba ta hagu, baƙa, mai faɗin ƙirji, ita ce shugaba kuma ta san da haka. Abokin tafiyarta Deacon, rago ne mai fuskar mutanen kirki. Sauran huɗun abin da Mabel ta yi shi suke yi. Orval bai taɓa dukan ko ɗaya daga cikinsu ba. Bulalarsa tana nan soke a gefen kujera har ta bushe ta tsattsage. Da baki yake tuƙi.

Bakin nan kuwa shi ne abin da kowa ya san shi da shi. A ƙasa, Orval mutum ne da zai wuni bai furta kalma goma ba. Amma da zarar ya hau keke ya naɗe linzami a hannu, sai ashar ya ɓalle kamar an fasa madatsar ruwa. Kowane alfadari yana da nasa zagin, wanda ya tashi da shi tun yana ƙarami. Akwai zagin tashi, akwai na kwana, akwai na hawan tudu, akwai kuma wani babba da yake ajiyewa sai keke ya kafe a laka. Masu doki da suka yi shekaru a barikin soja sukan tsaya su saurara don ƙaruwa.

Matarsa Leota, mace 'yar ƙarama mai zafin nama, ba ta fashin zuwa coci. Tun ranar aurensu take fama da bakin nan, ta yi nasiha, ta yi fushi, ta kai ƙara wurin fasto. Orval amsarsa ɗaya ce.

"Ba da ke nake ba, Leota. Da su nake. Kin taɓa jin sun yi ƙorafi?"

A zamanin fim marar magana wannan bai dami kowa ba. Darakta na ihu ta bututunsa, kafintoci na buga ƙusa a baya, Orval na surfa wa Deacon ashar har kakanninsa jakuna. In fim ya fito, sai ka ga wani dattijo mai gemu a kan keke mai rumfa yana buɗe baki da ƙarfi, sannan rubutu ya bayyana cewa yana ƙarfafa wa matafiya zuciya. Leota ta taɓa zuwa kallo sau ɗaya. Ta dubi leɓɓansa a majigi, ta gane kowace kalma, ta tashi ta fita.

Sai fim ya koyi magana.

A shekarar 1930 wani kamfani ya shirya babban fim ɗin kaboyi a kan mutanen da suka yi ƙaura zuwa yamma da kekunansu don neman ƙasar noma. An tara kekuna masu rumfa har ido bai ganin ƙarshensu, da shanu, da dawakai, da mata masu manyan huluna, aka kafa sansani a bakin wani kogi. An ɗauki Orval, domin babban abin da ake so a nuna shi ne tsallake kogin, kuma ba kowa ke iya shigar da dabba shida cikin ruwa mai gudu ya fito da su a jere ba.

Amma aikin ya canza. Yanzu akwai wani siririn mutum mai tabarau, Irving Lasker, da ke zaune a cikin ɗaki na katako a bayan mota, da abin saurare a kunnuwansa. Shi ne mai ɗaukar sauti. Yana ɓoye makirufo a cikin ganga, a cikin ciyawa, a ƙarƙashin kujerar keke, duk inda ba ka zato. Saboda shi aka shafe ƙafafun kekuna da giris, aka naɗe sarƙoƙi da tsumma, aka sa kaboyi suka cire ƙaimi. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa na jin tafiyar tururuwa.

Ranar farko, jarumin fim da jarumar suna zaune a keken gaba. Shi yana gaya mata irin gidan da zai gina mata in sun isa, ita tana duban nesa da ƙwalla a ido. Keken Orval ne ke biye. Deacon ya ga wata ciyawa mai kyau a gefen hanya ya karkata. Orval ya gaya masa abin da ya saba gaya masa.

Ƙofar ɗakin katakon nan ta buɗe da ƙarfi. Irving ya diro, kunnuwansa sun yi ja wur, abin saurare na lilo a wuyansa.

"A tsaya! A tsaya! Wane ne wannan?"

Darakta, Mista Halvorsen, wani ƙato mai wandon hawan doki wanda bai taɓa hawan doki ba, ya juyo. "Me kuma ya faru, Irving? Tsuntsu ne?"

"Ina ma tsuntsu ne, yallaɓai. Ni a unguwar 'yan dako na tashi, amma akwai kalmomi uku a ciki da ban taɓa ji ba."

Mutane suka fashe da dariya. Eusebio Valenzuela, wanda kowa ke kira Chebo, tsohon abokin Orval da ke kula da shanun fim ɗin, har da dukan cinya. Halvorsen kuwa bai yi dariya ba. Ya tako har gindin keken.

"Malam Pruitt, wannan fim mata da yara za su kalla. Ka tuƙa dabbobinka bakinka a rufe."

"Ba za su tafi ba, yallaɓai."

"Dabbobi ne. Ka kaɗa musu igiya."

Orval bai yi gardama ba, don shi ba ya ɓata yawu a kan abin da ido zai gani. Aka sake ɗauka. Ya rufe baki, ya kaɗa linzami. Alfadarai shida suka tsaya kamar an dasa su. Ya sake kaɗawa. Mabel ta juyo da kai a hankali ta dube shi, irin kallon da ake yi wa mutumin da ya shigo gida bai yi sallama ba. Kekunan baya suka taru a kansa, shanu suka fara kuka, wani keke ya hau kan tukunyar waken ma'aikata.

Da yamma Halvorsen ya kira shi gefe. Bai ɗaga murya ba, ya dai faɗi abin da ke akwai. Ranar Litinin za a ɗauki tsallake kogi. In alfadaran za su shiga ruwa ba tare da ashar ba, to. In ba za su shiga ba, akwai wani mai dawakai da ke jira, dawakinsa da fiton baki suke tafiya.

Orval ya san abin da wannan ke nufi. Ba wannan fim ɗin kaɗai ba ne. Duk kamfanoni sun koma fim mai magana, kuma labari a wannan sana'a ya fi doki gudu. In aka ce alfadaran Pruitt ba sa aiki gaban makirufo, ba mai sake kiransa. Hanya kuwa motoci sun cinye. Ba wanda zai ciyar da alfadari shida suna zaune, kuma ba mai sayen shida a haɗe. Dillali zai zo ya rarraba su, wannan gonar auduga, wancan ramin ma'adinai. Mabel da Deacon da ba su taɓa kwana a rabe ba, kowa ya kama gabansa.

Washegari shi da Chebo suka ja keken bayan wani tudu don gwaji. Irving ma ya biyo su da kansa, yana cewa shi ba ya son a ce kunnensa ne ya raba mutum da abincinsa.

Aka fara da fito. Orval ya yi fito har leɓɓansa suka bushe. Mabel ta kwantar da kunnuwa, Deacon ya yi hamma.

"Gwada lallashi, mutumina," in ji Chebo. "Ka ce, Mabel 'yar albarka, don girman iyayenki ki taimaka."

"Rufe mini baki, mai warin shanu."

"To ka ga, da ni ne alfadarin da tuni na tashi."

Orval ya gwada lallashin duk da haka. Kalmomin suka fito daga bakinsa kamar yana tauna tsakuwa. Ko kunne ba su kaɗa ba. Ya gwada zagin da raɗa, Irving ya girgiza kai ya ce makirufo ya fi son raɗa ma, ita yake kamawa tsaf. Chebo ya ce to a yi da Sifaniyanci, ya koya masa guda biyar masu nauyi. Irving ya ce rabin masu sayen tikiti a garin nan da harshen suka tashi. Ko ba haka ba ma, alfadaran ba su motsa ba, domin Orval faɗa kawai yake yi, abin bai fito daga cikinsa ba.

"Ka san matsalarka, tsoho?" in ji Chebo yana naɗa sigari. "Kai ba ka iya ƙarya ba, su kuma sun sani."

Ranar Lahadi Orval ya koma gida da dabbobinsa, wani ɗan fili a bayan gari mai rijiya da itacen lemo biyu. Bai gaya wa Leota komai ba, amma mace da ta ga mijinta ya bar rabin burodin masara a faranti ba ta bukatar a gaya mata. Da ta tafi coci, ya ɗaura wa alfadaran keke a tsakar fili, ya hau, ya zauna yana kallon bayansu. Nan ta dawo ta same shi, rana ta take, da hularta ta zuwa coci da jakarta a hannu.

"Orval, sauko ka ji. Na haɗu da 'yar uwata Verna a coci. Gwaggo Hortense ta sayar da gidanta. Za ta zo ta zauna da mu har sanyi ya wuce."

To, Gwaggo Hortense ƙanwar uban Leota ce. Ita ce ranar ɗaurin aure ta ce, a gaban jama'a, ba ta san ana gayyatar ango daga turke ba. Ita ce duk zuwan da za ta yi sai ta shafa yatsa a kan kujera kafin ta zauna. Orval ya ji wani abu ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya buɗe baki zai saki babban zagin nan, ya ga hular coci a kan matarsa, ya danne. Abin da ya sami hanyar fita kalma ɗaya ce.

"HORTENSE!"

Mabel ta zabura ta sa ƙirji. Sauran biyar suka bi. Keke ya yi gaba da ƙarfi, ya kwashe igiyar shanya da rigunan da ke kanta, kaji suka watse, sai da Orval ya ja linzami da duk ƙarfinsa kafin su tsaya a bakin rijiya.

Leota ta dubi rigunanta a cikin ƙura, ta dubi mijinta, ta dubi Mabel. Ta ajiye jakarta a kan shinge.

"Me ke faruwa a wurin aikin nan? Gaya mini gaskiya."

Ya gaya mata, a taƙaice, kamar yadda yake faɗin komai. Ta shiga cire safar hannu yatsa bayan yatsa. Can sai ta ce, "Juya keken. Ka tuna Kawu Lemuel?"

"Me ya kawo Lemuel?"

"Wanda ya ari zartonka ya dawo da shi ba haƙori, ya ce haka ka ba shi."

"LEMUEL!" in ji Orval, jijiyar wuyansa ta miƙe. Deacon, wanda ko girgizar ƙasa ba ta hanzarta shi, ya ja kamar an ɗana masa wuta.

Haka suka wuni. Leota na tsaye a bakin shinge tana tono tsofaffin laifuffukan danginta ɗaya bayan ɗaya, Orval na zagaya fili. Verna, wadda ta ce 'ya'yanta kada su taɓa shi don ƙuma, ita ta zama kwanar hagu. Cletus, wanda ke zuwa daidai lokacin cin abinci ya tafi daidai lokacin wanke-wanke, ya zama kwanar dama. Alvin, yayan Leota, sana'arsa sayar da manyan motoci, kuma duk haɗuwa sai ya tambayi Orval yaushe zai shigo zamani. Sunan Alvin kaɗai ya isa ya hau da keke kan tudu.

"Ban san haka ka tsane su ba," in ji Leota da yamma, tana zuba masa kofi. Fuskarta ta kasa yanke shawara tsakanin fushi da dariya.

"Ni ma ban san haka kike riƙe da laifinsu ba. Rabin abubuwan nan na manta."

"Shekara ashirin ina roƙon Allah ya wanke bakin nan naka. Ban zaci da dangina zai wanke shi ba."

"To Hortense ɗin da gaske za ta zo?"

"Da gaske mana."

Ya ajiye kofin. "Madalla. Gobe zan yi aiki da kyau."

Ranar Litinin Leota ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ta sa hularta, ta cika jaka da karas kamar yadda ta saba in za ta wurin dabbobin, Chebo ya tsallakar da ita a kan doki zuwa wancan gefen kogi, inda kyamarori suke. Ruwan ya ƙaru cikin kwanakin, ya yi launin ƙasa, yana tafe da rassan itace. Halvorsen ya dubi Orval ya ce, "Sau ɗaya za mu iya yin wannan, Malam Pruitt. In rumfunan suka jiƙe, sai wani makon." Irving ya ɗaure makirufo a ƙarƙashin kujerar keken da hannunsa, ya ɗaga ido ya ce a hankali, "Don Allah, baba, ka tausaya wa kunnena."

Aka ba da alama. Orval ya naɗe linzami, ya tuna yatsan nan da gwaggo ke shafawa a kan kujera.

"Hortense!"

Suka gangara cikin ruwa a jere, kamar an zana su. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ciki. "Lemuel! Lemuel! Verna!" Keke ya karkata hagu ya kauce wa wani dutse. "Cletus!" Ya dawo daidai. Kekunan baya suka biyo sawunsa, mata na riƙe da yara, shanu na iyo, Chebo na gefe a kan doki yana cizon hularsa don kada dariyarsa ta shiga makirufo.

A tsakiyar kogi ƙafar keke ta baya ta nutse cikin yashi. Keke ya tsaya. Ruwa ya fara taruwa a jikinsa yana tura shi gefe, Deacon ya rasa wurin taka ƙafa, kansa ya nutse ya fito yana furzar da ruwa. Nan ne wurin babban zagin nan, wanda bai taɓa kasa fitar da keke ba. Yana kan harshen Orval, a shirye. In ya sake shi, watakila su fita, amma aiki ya tafi. In ya riƙe, ruwa zai iya kifar da keken da dabbobin a ɗaure.

"Alvin!" Suka ja, keke ya motsa ya koma. "Alvin! Hortense! Alvin!" Yashi ya riƙe. Dangi sun ƙare.

Ya ɗaga kai ya hango matarsa a kan gaɓa, 'yar ƙarama a cikin hula, ta bar wurin da aka ce ta tsaya ta zo har bakin ruwa. Ya miƙe tsaye a kan keken, muryarsa ta fashe.

"Leota! Leota!"

Wannan suna Mabel ta san shi. Shi ne sunan da ake kira a tsakar gida kafin a ga karas. Ta miƙe kunnuwa, ta hango hular, ta sa ƙirji ta yi wani irin ja da sai da katakon keken ya yi ƙara. Deacon ya sami ƙasa. Ƙafar keke ta fito daga yashi da wani sauti kamar an cire tukunya daga laka, suka haura gaɓa ruwa na zuba daga jikinsu, su shida, a jere.

Da aka ce a tsaya, Irving ya fito daga ɗakinsa a hankali, ya cire tabarau yana gogewa. "Tas," ya ce. "Ko kalma ɗaya babu da za a cire. Fasto ma zai iya kallo."

Halvorsen ya zo da gudu, wandonsa jiƙe har gwiwa. "Su wane ne waɗannan mutanen da kake kira?"

"Dangi ne, yallaɓai."

"Dangi," in ji Halvorsen, yana gyaɗa kai kamar an gaya masa wani abu mai zurfi. "Kada wanda ya taɓa wannan. Haka zai fita."

Leota na can tana raba karas. Ba ta juyo ba ta ce, "To, ni kuma wane laifi ka tuna da ka kira nawa?"

Orval ya matse ruwa daga gemunsa. "Tabar da kike ɓoye mini."

"Maƙaryaci," ta ce, ta miƙa masa karas ɗaya shi ma.

Da fim ya fito, Leota ta kwashi dangi kaf zuwa silima. Orval ya so ya ce ciwon baya ya kama shi, ba ta yarda ba. Ya zauna a ƙarshen layi kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa, don in ta ɓaci ya riga kowa fita. Aka zo wurin kogi. Muryarsa ta cika ɗakin, sunan Gwaggo Hortense ya daki bango ya dawo. Ya saci kallonta. Tsohuwar ta dafe ƙirji, hawaye na bin kumatunta.

A waje ta kama hannunsa da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. "Orval, ɗana, ashe a tsakiyar ruwa, rai a hannun Allah, ni ka fara tunawa?"

"Ke ce ta farko, Gwaggo. Kullum."

Ta zauna da su wannan sanyin, da wanda ya biyo, ta kuma riƙa gasa masa kek na tuffa duk ranar Lahadi. Yatsan dai ba ta daina shafawa a kujera ba, don haka sunanta bai rasa ƙarfi ba. Alvin ya riƙa gaya wa masu sayen mota cewa an ambace shi sau uku a fim. Wanda ya yi fushi ɗaya ne, wani Kawu Ferris, mutum mai haƙuri da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, saboda haka ba a kira shi ba. Har ya mutu yana cewa surukin nan ya raina shi.

Aiki kuwa bai yanke ba. Duk kamfanin da zai yi fim ɗin kekuna sai ya aiko a kira mai alfadaran nan da ke tuƙi da sunaye. Orval ya tsallaka koguna da yawa bayan wannan, ya gangara tuddai, ya gudu daga gobarar daji ta ƙarya, duk da dangin Leota a baki. Dillali bai taɓa taka filinsa ba. Alfadaran suka tsufa tare a ƙarƙashin itatuwan lemo, suka tafi ɗaya bayan ɗaya don kansu. Mabel ce ta ƙarshe, kuma har ta mutu in aka kira Leota sai ta ɗaga kai.

Shi fim ɗin, da farko bai yi wani tashe ba, mutane na fama da yunwa a shekarun. Sai bayan an daɗe, da talabijin ta shigo gidaje, aka tono shi aka riƙa nunawa, masu rubutu a jarida suka fara jayayya a kansa. Waɗansu suka ce ba a taɓa yin irinsa ba. Waɗansu suka ce ƙarya ce zalla, domin ya nuna ƙasar kamar ba kowa a cikinta kafin kekuna su iso. Da aka karanta wa Orval wannan, ya ce mai maganar ya yi gaskiya. Shi a Oklahoma ya tashi, ya san masu ƙasar, ya san sunayensu, kuma ba wanda ya tambaye su kafin a kafa turaku. Amma duk masu jayayyar sun haɗu a kan wurin kogin. Wani ya rubuta cewa tsohon matuƙin nan yana kiran waɗanda ya binne ne a kan hanya, kuma shi bai taɓa kallon wurin idonsa ya bushe ba. Leota ta yanke shafin ta manna a bangon kicin. A lokacin yawancin masu sunayen sun riga sun rasu, ta ce to yanzu ai maganar ta zama kusan gaskiya.

Orval ya kai tsufa sosai, kunne ya yi nauyi, gwiwa ta ƙi. In za a nuna fim ɗin, Chebo kan zo da sandarsa su zauna gaban talabijin da kofi. Ba sa kallon jarumin, ba sa sauraron zancen gidan da zai gina. Jira suke a zo kogi. In an zo, Orval sai ya matso gaba, hannuwansa su dunƙule a kan gwiwa kamar da linzami a ciki.

"Dubi Deacon," yakan ce. "Dubi ragon nan. Ko a nan ma Mabel ce ke ja masa."

Wata rana maƙwabciyarsu, malamar makaranta, ta tambaye shi ko shi ma yana ganin fim ɗin ya cancanci sunan da ya yi. Ya ci gaba da tauna tabar da Leota ta gaji da ɓoyewa.

"Ban sani ba, Malama," ya ce. "Ni ta baya na gan shi. Shida suka shiga ruwa, shida suka fito."

Daga kicin Leota ta ce, "Ka gaya mata wa ya fito da su."

"Hortense," in ji Orval.

Cokali ya taso daga kicin ya wuce ta saman kansa.